Kifin da Bai Kai Sanda Ba

Park Hill, Staten Island,
New York.
16 ga Oktoba, 2016.

Zuwa ga ƙanena Enoch,

Kada ka karanta wannan wasiƙa a bakin kogi abokanka masunta suna leƙe ta kafaɗarka, kuma kada ka yi dariyar nan taka da kake kashe magana da ita. Shiga ɗaki ka zauna. Da gangan na ƙi kiran ka, domin a waya kowace magana mayar da ita wasa kake yi, wannan kuwa ba ta wasa ba ce.

Bayan haka, ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, kai da Abigel da yara, da fatan ambaliyar Binuwai bana ba ta taɓa gonakinku na Numan ba. Yaya ƙafar Mama? Allah ya ƙara mata sauƙi. Ni ina nan ina aikina na kula da tsofaffi, Nendirmwa kuma ta shiga ajin ƙarshe na sakandare. Amma yayanta Nataniyel, ɗan nan nawa da kake alfahari da shi, yana kwance a asibiti da ƙarfe a ƙugunsa. Zan gaya maka yadda aka yi, domin akwai hannunka a ciki.

Ka san tun rasuwar babansu yaron nan ya kama zuwa kamun kifi. Maƙwabcinmu Moro, wani dattijo ɗan Gana mai tuƙa tasi, shi ya nuna masa duwatsun bakin teku kusa da babbar gada. Ban hana ba. Ɗan shekara ashirin da ke tsaye a bakin ruwa ya fi mini wanda ke tsaye a bakin titi. Idan zafi ya fara ja baya, wasu ƙananan kifaye masu shuɗin baya suna cika gaɓa, sinafa ake ce musu a nan. Ba su fi tafin hannu ba, amma haƙoransu kamar reza. Waɗannan doka ta yarda ka ɗebi kaɗan, kuma ni da kaina nake soya su da yaji. Sai wani mai zane-zane a jiki, kamar ƙaramin giwan ruwa. Shi wannan sai ya kusa tsawon hannun babban mutum kafin a yarda ka tafi da shi gida. Idan bai kai ba, ka cire ƙugiya ka mayar da shi ya girma. Dokar ƙasarsu ce, kuma Nataniyel yana bin ta, har ma'auni yake ɗauka a aljihu.

Sai ranar da ya kira ka ta bidiyo don ka ga kamunsa. Ya ɗaga mai zanen nan, ya auna, ya ga bai kai ba, ya mayar da shi ruwa a kan idonka. Ka tuna abin da ka yi? Ka tara abokanka kuka yi ta shewa. Bai ishe ka ba, ka biyo shi da saƙon murya, kana ce masa Baturen Park Hill mai kiwon kifi wa teku, wai da kakansa yana da rai da ya tsinka masa mari, domin a gidanmu ba a mayar wa Allah abin da ya sa a ƙugiya. Ina kicin na ji saƙon, domin ya yi ta maimaita shi a falo. Yana murmushi, amma ranar tuwonsa haka ya kwana a kwano. Gaskiya ne Baba yakan faɗi haka. Amma Baba yana da bakuna tara da ke jiran kwalekwalensa. Nataniyel ba yunwa ce ta kai shi ruwa ba, maraici ne, kai kuma kaɗai ne namijin da ya rage masa wanda yake so ya burge.

Asabar ta gaba da safe ya kama masu zane uku, babu wanda ya kai. Moro ya ce masa ya sake su, ya amsa cewa hoto kawai zai ɗauka wa kawunsa idan na soya su. Ya tura su ƙasan bokiti ya rufe da sinafa. Can sai ga wani jami'i cikin koren kaki yana bin masu ƙugiya ɗaya bayan ɗaya yana leƙa bokitai. Ka san takardunmu na zama har yanzu jira muke, kuma a gidan benen nan namu babu hirar da ake yi sai ta wanda aka kama da wanda aka mayar gida. Yaron ya ga kaki, hankalinsa ya gushe. Ya sungumi bokitin ya ruga ƙarshen duwatsu don ya zubar. Moro ya ce har muryarsa ta dishe yana kiran sa ya tsaya. Ruwa bai daɗe da janyewa ba, duwatsun duk gansakuka. Ƙafarsa ta zame, ya faɗa tsakanin dutse biyu, igiyar ruwa ta rufe shi.

Mutumin da ya guje wa, shi ya shiga ruwa har ƙirji ya tallafe kansa sama har motar asibiti ta zo. Ba ma na shige da fice ba ne, ma'aikacin kula da kifi da namun daji ne. Daga baya ya zo asibiti da kansa ya kawo mini sandar ƙugiyar, ya ce shi ma yana da ɗa sa'ansa. Ya miƙa mini takardar laifin yana kallon ƙasa. Lauyan da fasto ya nemo mana ya karanta ta, ya ce magana ce ta biyan tara kawai, ba abin da mutum zai yi gudu dominsa ba. Ka ji abin da ɗana ya kusa mutuwa a kansa.

An ɗinke kansa, an sa ƙarfe a ƙugu. Likitar motsa jiki ta gaya mini ba ɓoye-ɓoye cewa idan bai fara takawa cikin makonnin nan ba, ƙafar za ta sandare, ɗingishi ya zama nasa har abada. Shi kuwa ya juya fuska bango. Na yi faɗa, na yi addu'a, matan zumunta sun zo sun yi waƙa a kansa, ko motsi. Magana ɗaya ce ke fita bakinsa, wai kada a gaya wa Kawu. To, ga shi na gaya maka. Ranar Lahadi idan kun tashi daga sujada, ka kira shi. Kada ka tambaye shi kifi, kada ka tsokane shi. Ka ce masa ka yi kuskure, ka ce ranar da ya mayar da kifin nan ruwa ya yi daidai. Daga bakinka yake jira, nawa ba ya shiga.

Sandar ƙugiyar na ɗora ta a gwiwa zan karya. Nendirmwa ta riƙe hannuna, ta ce mini da Turancinta wai zan karya abu ɗaya da zai sa yayanta ya tashi. Na yi mata faɗan mayar wa uwa magana, sannan na jingine sandar a bayan ƙofa. Washegari na sa Moro ya auna mini tsawon da doka ta ce, na yanke sandar tsintsiyata daidai nan, na rataye ta a kicin.

Ka gaishe da Mama, amma ka ce mata zamewa ya yi, kada hawan jininta ya tashi. Ka gaishe da Abigel, da Baba Ishiyaku, da Dada da maigidanta. Moro yana gaishe ka, ko da yake ya ce akwai maganar da ya ajiye maka.

Ga abin da na kafa a gidana, kai ma ya hau kanka duk ranar da ka zo. Idan Ubangiji ya ta da Nataniyel, zai yi kamunsa a kan gadar masunta mai shinge, babu mai sake taka duwatsun nan. Duk mai zanen da bai kai sandar tsintsiyar nan ba, ba zai shiga tukunyata ba, ko wa ya ji haushi a Numan. Kuma idan mai kaki ya kira ɗan gidan nan, ya ajiye abin da ke hannunsa ya tsaya cak.

Yayarka,
Elisabet, Maman Nataniyel.