Na Ce Masa Hannunsa Ne, Alhali Wuyan Jitar Ne Ya Murɗe

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi, ina muku fatan alheri. Don girman Allah a sakaya sunana, kuma a bi ni a hankali, zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni kafinta ne a Karaye. Ina da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda kiɗa ya shiga ransa tun yana ƙarami. Wasu masu kiɗan biki a Rogo suka ce za su ɗauke shi in ya samu jitar bes, mai kauraran wayoyi huɗun nan da ake jonawa da lasifika. Ya sayar da gyaɗar da ya noma ya sayo gwanjo a Kano, ko gida bai je ba ya faɗo shagona yana washe baki: "Yaya, kai ka san katako, duba mini." Na ɗaga ta na kanne ido ɗaya yadda nake duba ƙyauren ƙofa. Wallahi nan take na gani. Da ɗanyen katako aka yi wuyanta, ya bushe ya murɗe, wayoyin sun yi masa nisa, ƙarafunan da ake dannawa a kai wasu sun ɗago. Ko wane gwani ya kaɗa ta sautin ba zai zauna ba. Ga shi mai kayan ya ce a mayar in da matsala. Amma me na ce? "Lafiyarta ƙalau." Don me? Don kada a ce ƙanena makaɗi ne, na fi so ya koma gona.

Bawan Allahn nan ya sha wuya. Yatsunsa suka farfashe wajen danna wayoyin, ya naɗe su da tsumma ya ci gaba. Ya sake dawowa ya ce, "Yaya, anya ba ita ba ce? In na yi sama sai sautin ya kauce." Na dubi tsabar idonsa na ce, "Hannunka ne, kada ka ɗora wa katako laifi." Wane irin wa ne ni? A wani biki a Jajaye shugaban masu kiɗan ya zare wayar jitarsa daga lasifika a bainar jama'a, ya ce ba shi da kunnen kiɗa. Ƙanena ya yarda, tunda yayansa ma ya faɗa. Ya koma gona, na samu abin da nake so, amma wanda ya dawo ba ƙanen da na sani ba ne. Da ko tuwo yake ci ƙafarsa na kaɗawa, yanzu da an saki kiɗa sai ya tashi ya bar wurin.

Jiya ya kawo ta a cikin buhu. Ya ce, "Yaya, cire wuyan ka yi mini ƙotar fartanya, ta yi amfani ko sau ɗaya. Na gode da ka faɗa mini gaskiya."

Tana nan jingine a shago, na ɗauki zarto na ajiye, hawaye ya hana ni ganin layi. Ina tsoron in na faɗa masa ba zai ƙara kirana Yaya ba. Amma in bar shi ya tsufa yana ganin Allah ne bai ba shi ba, alhali ni na hana shi?

Jama'a, me zan yi?