Gaskit ɗin Kwalin Sukari

New Bell, Duwala
Satumba, 1991

Zuwa ga Yaya Jalaluddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya kai da iyali a Kano. Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya raya su Fauziya. Mu nan alhamdu lillahi, Umma na nan da sauƙi, sai ciwon gwiwar nan da ba ya barinta. Gari kuwa yana yadda ka ji a rediyo: saboda yajin aikin gama-gari, daga Litinin zuwa Juma'a ko'ina a rufe, ba a buɗe kasuwar Marché Congo sai Asabar da Lahadi, shara ta taru har bakin masallaci.

Yaya, maganar motarka kat-kat, mai ja da ƙafa huɗu, da ka bar mini amana ce ta sa na ɗauki biro, kuma wallahi da ɗacin rai nake rubutu. Ka san Adda Zainabu, ƙanwar Umma, ta rasu a Banyo. Umma ta ce ko da rarrafe sai ta kai sadakar bakwai, hanyar kuwa da damina sai irin motarka. To, motar ta jima tana yoyon baƙin mai, kullum da safe sai a ga tabo a ƙarƙashinta. Na kai ta garejin Mahdi, mijin Sabuwa 'yar Baffa, don na gida ne. Ya duba ya ce gaskit ɗin kaskon man da ke ƙarƙashin injin ne ya mutu. Ni da ƙafata na je na sayo sabo dal, da galan biyu na mai, na danƙa masa. Bayan kwana uku ya kawo motar a wanke tas, yana cewa ko Makka za ta kai mu.

Ranar Asabar da sassafe muka tashi. Mun haye gadar Bonaberi ke nan jar fitilar mai ta kama, ƙauri ya cika motar. Na tsaya na leƙa, sai ga mai yana zuba kamar an huda tulu. Haka Umma ta sauko ta zauna a kan dutse a gefen titi, cikin yayyafi, da ƙullin goron ta'aziyyarta a cinya, har azahar. Na gwammace ta zage ni da in gan ta zaune haka.

Malam Idirisu, tsohon bakaniken nan Babarbare na unguwar Kassalafam, shi ya zo ya ja mu. A gabana ya kwance kaskon. Yaya, ka ji abin da na gani. Ba gaskit a ciki. Kwalin sukari ne aka yanka aka shafe da sabulu, har rubutun jikinsa ana iya karantawa. Notin da ake juye mai ya sule, an naɗe shi da tsumman zani. Man kuma ba wanda na saya ba ne, tsohon mai ne baƙi kirin mai tsakuwa, irin wanda ake zubarwa a kwata. Malam Idirisu ya murza shi a yatsa ya ce da mun ƙara tafiyar minti goma da injin ya ƙone, kuma da a dajin Fumban abin ya same mu, sai dai Allah. Ya yi wuni biyu a kan motar: ya wanke kaskon da kananzir, ya sa gaskit na gaske da sabon noti, ya ɗaure su bi da bi, ya bar injin yana aiki muna kallo. Ko ɗigo.

Na je na sami Mahdi da kwalin a hannuna. Ko kunya bai ji ba. Ya ce wai kiriz ce, wato matsin tattalin arzikin nan, kowa dabara yake yi, gaskit ɗina ya sa wa motar wani kwamanda da ya matsa masa, yana da niyyar mayar mini. Yanzu a garin nan duk wanda ya ci amana sai ya ce kiriz. Ashe gaskiya ne, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma namu bangon daga cikin gida ya tsage. Sabuwa ta zo tana kuka tana ba da haƙuri, na ce mata ba ita ta yanka kwalin ba.

Sadakar bakwai ta wuce Umma, sai dai ta arba'in in Allah Ya kai mu. Jiya Mahdi ya aiko Baffa wai yana so ya bi mu ya yi ta'aziyya. Na buɗe baki zan ƙi, Umma ta riga ni. Ta ce ta yafe masa don Sabuwa, amma ya nemi motar da ya gyara da hannunsa ya hau.

Ka gaida Yaya Bara'atu da su Fauziya da Bala, da Gwaggo Azumi in ka leƙa Fagge. Umma na sa muku albarka. Maryamu na gaisuwa.

Naka ƙane,
Zailani