Tela a Kan Rufin Kaji

Zuwa ga Hajiyar Kaji,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kina lafiya, yaya jikin Inna? Ki yi mata sannu da kyau, Allah ya sa aikin da aka yi mata ya zama kaffara. Ke kuma yaya gajiyar jinya? Ki riƙa cin abinci don Allah, na san halinki.

Mu nan lafiya lau, ni da 'yan tsakinki. Tun da kika damƙa mini amanarsu a bakin mota ban yi wasa ba. Ruwa, abinci, kaskon gawayi, komai yadda kika tsara. Sai dai akwai magana, gara ki ji daga bakina. Shekaranjiya an yi ruwa da iska. Da na leƙa ɗakinsu sai na tarar garin katakon da ke tsakiya ya jiƙe sharkaf, su kuma sun cure a lungu suna kyarma, suna kallona kamar ni na aiko da ruwan.

Na ɗauka kwanon rufin ne ya huje, ashe lafiyarsa ƙalau. Kin san dogon kwanon nan da aka kifa a ƙololuwa, inda rufin dama da na hagu suka haɗu? Ni dai hula nake ce masa. To ita hular a miƙe take, kwanon rufi kuwa tudu da kwari ne, saboda haka kowane kwari ya bar kafa a ƙarƙashinta. In iska ta kaɗo, ta nan feshi yake shigowa. Na je wurin kafintan da ya yi mana aikin, ya ce gobe zai zo. Na yi dariya na taho. Tela za a gaya wa gobe?

Ki kwantar da hankalinki ki ji da Inna. Na san yadda kika ƙwallafa rai a kan kiwon nan, na farkonki ne, kuma ba zan bari ki dawo ki tarar da kango ba. Na riga na san abin da zan yi. Toshe kafa ai aikinmu ne.

A gaishe da duk masu zuwa dubiya.

Mijinki,
Tela

*

Zuwa ga Hajiyar Kaji,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi ƙwarai da kika ce Inna ta fara takawa har tana yi wa ma'aikatan jinya faɗa. In dai faɗa ya dawo, lafiya ta samu.

Yanzu sai labarin abin kunya. Kin tuna buhun ƙyallayen da kike cewa in zubar? Shi na zazzage. Na zauna kan keke na ɗinka 'yan matasai ƙanana, kowace daidai bakin kafa guda, na cusa musu auduga. Har launi na daidaita, ja kusa da ja, shuɗi kusa da shuɗi. Maƙwabcinmu mai faci ya riƙe mini tsani na hau na danna su ɗaya bayan ɗaya. Da na sauko ya ja da baya ya ƙare wa rufin kallo, ya ce tun da yake bai taɓa ganin ɗakin kaji da ado ba, saura ɗankunne. Ni kuwa sai hura hanci nake.

Jiya da safe aka yi ɗan yayyafi, bai ma kai a kira shi ruwa ba. Ya ɗauke, rana ta fito, gari ya bushe. Amma ɗakin kajinki sai ɗiga yake, ɗis, ɗis, har bayan azahar. Ashe ƙyalle shan ruwa yake ya miƙa shi ciki, kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Da can sai an yi iska ruwa ke shiga, yanzu na yi masa hanya ya shiga a tsanake. Garin gyaran gira na kusa rasa ido.

Ba zan ɓoye miki ba, ɗan tsako ɗaya ya mutu. Na same shi a ƙarƙashin inda ya fi ɗiga. Wallahi raina ya ɓaci fiye da yadda na zata, na daɗe a tsugune riƙe da shi. Ki yafe mini. Akwai wani da sanyi ya kama, shi yana aljihun gaban rigata tun jiya, ina taka keke yana leƙowa. Wata mata da ta kawo ɗinki ta ji aljihuna yana kuka, saura kaɗan ta bar takalminta.

Mai faci ya yi dariya har da riƙe ciki, amma ɗan halak ne. Da yamma sai ga shi da tsohon tub, wato robar cikin tayar babbar mota, a kafaɗa. Ya ce roba ba ta shan ruwa, shi ya san roba amma bai iya yanka ba, ni na iya yanka amma ban san ruwa ba, in muka haɗu mun zama mutum guda.

Ki taya mu da addu'a, hadari yana ta haɗuwa.

Naki,
Tela

*

Zuwa ga Hajiyar Kaji,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma yi wa Inna barka da sallama daga asibiti. Allah ya ƙara sauƙi, ya saka miki da alheri.

Na gode da kika ce kada in damu da wanda ya mutu. Amma cewa da kika yi kin karanta wa Inna labarin matasan har ɗinkinta ya kusa warwarewa don dariya, wannan ban yafe ba tukuna.

Ga yadda muka yi. Na hau da takarda na kwantar da ita a bakin kwano, na bi tudu da kwarin da alli, kamar yadda nake fitar da wuyan riga. Na sauko na ɗora a kan robar na yanka dogayen layuka, gefe ɗaya a miƙe, ɗayan yana hawa da sauka. Almakashina mai kyau ya dakushe, ban ko ji ciwo ba. Mai faci ya sassauta ƙusoshin hular, muka shafa gam irin nasa, muka zura robar ninki biyu, ta zauna ɗaram a kowane kwari, sannan ya mayar da ƙusa. Ni da na ga abu ya yi kyau na so in toshe har bakin hular na gaba da na baya. Ya riƙe mini hannu, ya ce kaji ma numfashi suke, in na liƙe ko'ina kwano zai yi gumi ya ɗigo musu. Sai muka sa wayar raga a nan.

Yau da la'asar aka yi gwajin. Ina cikin auna wani dattijo gari ya yi baƙi ƙirin, iska ta taso. Na bar shi hannuwa a buɗe da igiyar awo a wuyansa, na ruga. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Na shiga ɗakin na tsaya a tsakiya, daidai ƙarƙashin hular, na buɗe tafin hannuna sama ina jira. Kwano yana ta ruri, iska tana jijjiga ƙofa. Ko ɗigo. 'Yan tsakinki suna ta tonon garin katako a bushe, har da na aljihu, wanda yanzu ya fi kowa ci.

Daɗi ya kama ni, na leƙa ƙofa na ƙwala miki kira da ƙarfi ki zo ki gani. Har sau biyu na kira. Sai da na ga ƙofar kicin a rufe sannan na tuna.

Na yi kewarki, ba kaɗan ba. Ki gaya mini ranar da za ki taso, zan je tasha da wuri.

Mijinki mai jiranki,
Tela