Hannun da Ka Ɗora Mini a Ketare

Zuwa ga mahaifina, Malam Sule maɗori,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ta girmamawa daga ɗanka Haruna, tare da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Na san takarda ba ta isa inda kake, Baba, amma akwai maganar da na kasa faɗa maka kana raye, kuma yanzu furfura ta cika mini kai.

Ka tuna shekarar da na bar Ketare na tafi Kaduna, lokacin da kuɗin mai suka shigo ƙasa, samari suna ta ajiye fartanya suna bin mota. Ni kaɗai ne ɗanka namiji. Ba ka hana ni ba, ba ka kuma raka ni tasha ba.

Can na samu aikin yankan ciyawa a filin golf, wasan da manya ke bugun 'yar farar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami. Daga yankan ciyawa na koma ɗaukar jakar sanduna, daga nan aka bar mu, mu masu ɗaukar jaka, muna bugawa ranar Litinin. Hannuna ya faɗa, har aka sa sunana cikin waɗanda za su shiga gasa bayan Sallah. Da na aiko maka da labari, amsarka ɗaya ce: "Ƙato da gemu yana bin ƙwallo? Allah shi kyauta."

Ina hanyar zuwa gida yin Sallar nan babur ya kayar da ni kusa da Mairuwa. Sangalin hannuna na hagu ya karye, ƙasusuwan biyu duka. Aka kawo ni gabanka a bayan akori-kura. Ka duba, ka yi bisimilla, ka ja, ka jera kara ka ɗaure. Ban ji ka ce mini sannu ba, amma na ga zufa tana ɗiga daga gemunka.

Bayan kwana arba'in ka kwance ɗori. Ƙashi ya kama. Ina riƙe fartanya, ina ɗaga buhu, sai dai hannun ba ya juyawa. In na miƙa shi, tafin ba ya iya kallon sama, ba ya kifewa ƙasa sosai, sai ya tsaya a tsakiya kamar an kafe shi. Baffa Iro, ƙanenka, ya ce: "Hannun ga ya isa noma. Allah ne ya maido maka da ɗanka, Malam, ka bar shi haka." Kowa a zaure ya gyaɗa kai. Ni na koma ɗaki, kwana biyu ban ci abin kirki ba.

Da hantsin rana ta uku ka kira ni bayan rumbu, ka miƙo mini karan dawa, ka ce: "Gwada mani wasan nan naku, in ga mi yake so ga hannu."

Na gwada maka da kunya. Na ce in sanda za ta tafi baya, hannun hagu yana miƙe, sangalin yana juyawa a hankali har bayan hannu ya kusa kallon sama. In ta sauko, sai ya warware ya dawo, don fuskar sanda ta sami ƙwallo daidai, sannan na dama ya hau bisa na hagu. In hannu bai juya ba, ƙwallo sai ta karkace ta yi dama, ta faɗa daji. Ka sa na yi sau uku. Sannan ka kama hannuna mai lafiya, ka ɗora yatsunka, ka ce in juya. Ka daɗe idonka a rufe. Ka ce: "Ashe ƙashi guda ke hawa bisa ɗan'uwansa. To, na gane."

Tun daga ranar, kullum bayan ka dawo gona, sai ka dafa ruwa, ka gasa mini hannun, ka murza da man shanu. Ka ba ni muciyar Inna in riƙe a tsaye, in kwantar da ita dama, in kwantar da ita hagu, gwiwar hannuna manne da haƙarƙari. In na yi ƙara sai ka ce: "Kaɗan ya rage." Wata biyu kana faɗin haka. Mutane suna zuwa ɗori daga Faskari har Sabuwa, suna jira a zaure, kai kana bayan rumbu da hannun da ya riga ya warke a idon kowa.

Bayan an gama girbi muka fita gona da sandar golf da na zo da ita daga Kaduna. Ka ajiye ƙwallon goruba a kan kunya. Na buga. Ya tashi ya tafi sak, bai karkata ba, ya wuce tsamiyar iyaka. Ka bi shi da ido har ya faɗi, sannan ka ce: "Ya miƙe. Jibi akwai motar Funtuwa."

Na tafi, Baba. Daminar da ta biyo ka kwanta. Saƙo ya yi kwana uku a hannun direba, na iso an riga an kai ka.

A zaman makoki Inna ta gaya mini abin da ban sani ba. Ta ce ranar da ka fara gasa mini hannu, a ranar ka je ka bar wa Baffa Iro babbar gonarka ta fadama. Da ta tambaye ka dalili, ka ce: "Ba mai noma ta baɗi. Yaron ga tahiya zai yi."

Da wannan hannun na ci abinci, na yi aure, na aurar da 'ya'ya. Ban taɓa ce maka na gode ba. Na gode, Babana.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka kai da Inna. Ya haɗa mu a can. Amin.

Ɗanka da ke kewarka,
Haruna