Hannun Maƙeri a Teburin Za'afaran

Zuwa ga Sagrario, hasken idona, sanyin zuciyata, furen da ya fi duk na gonakin Consuegra ƙamshi.

Gaisuwa mai tarin yawa, tare da begen da ya hana ni riƙe guduma daidai.

Kin tuna ranar Lahadi, da na zo teburinku na tsinkar za'afaran kamar sauran samari, don in zare jajayen silin fure in zuba a farantin wadda nake so? Wayyo kunya! Duk furen da na kama sai ya dame a yatsuna. Kakarki Práxedes ta harare ni ta saman tabarau, ta ce ƙarfi kam kamar alfadari, amma maña, gwanintar hannu, babu ko ƙwayar alkama, kuma ba za ta ba da jikarta ga hannun da ke kashe abin da ya taɓa ba. Mata suka kwashe da dariya. Ke kaɗai kika turo mini wani furen.

Tun ina yaro nake jin kalmar nan ta maña, ban taɓa auna nauyinta ba sai da ta tsaya tsakanina da ke. Ana faɗinta ga mai juya wainar ƙwai a kasko ba ta fashe ba, ga ungozoma, ga makiyayin da ke ɗora karayar ɗan rago. Ba ƙarfi ba ce, ba karatu ba ce, hannu ne ya san inda zai tsaya. To ni da nake lanƙwasa baƙin ƙarfe yadda na ga dama, ni za a ce ba zan iya koyonta ba? Haba!

Yanzu kullum da hantsi nake rufe maƙera in tafi wurin gwaggona Eulalia, tana koya mini tsinkar fure tana zagina. Yatsuna duk sun rine. Na ji labari wai Casimiro tela, mai yatsu kamar allura, ya cika miki faranti jiya. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. Shin yatsu ne ke so, ko zuciya?

Rabin raina, furen bana ya kusa ƙarewa. Lahadi mai zuwa ina nan tafe, a gaban Kaka zan zauna. Abu ɗaya nake roƙo: kada ki bar kowa ya hau kujerar da ke damanki. In ta yarda da ni, na gode wa Allah. In ta sake korata, baɗi za ta tarar da ni a bakin ƙofa tun fure bai buɗe ba, haka baɗin baɗaɗa, sai dai ita ta gaji.

Naki, ke kaɗai, har ƙasa ta rufe idona,
Anselmo