Lambar Baba Ba Hajar Kasuwa Ba Ce

Da sunan Allah. Ni Babayo ɗan Saje Abdulgani, ina kwance gidan ɗana Abdulbaƙi a Guangzhou, inda aka kawo ni magani. Jiki ya ƙi, amma hankalina garau yake. Ban yi boko ba. 'Yata Saffana ke rubutawa, na kuma hana ta tausasa ko kalma ɗaya.

Na ɗaya. Lambar tagullar da nake maƙalawa a rigata ta ƙungiyarmu ce, zuriyar waɗanda suka yi yaƙin Burma. Gida ɗaya, lamba ɗaya. Ba a maƙala wa mutum sai ya tsaya gaban dattawa ya faɗi sunan ubansa ko kakansa, da lambarsa ta soja, da inda ya yi yaƙi. Baba ya dawo daga dajin nan da yatsu bakwai, ya baro abokansa uku ba kabari.

Na biyu. Abdulbaƙi, da kai nake. Ka ce in ba ka a goge mini ita. Ashe masana'anta ka kai ta, kamar samfurin maɓallin riga, aka buga dubu biyu, har da lambar sojan Baba a bayan kowace! Wai za su karɓu a Kano ranar tunawa da mazan jiya. Wato duk wanda ya ga dama ya wayi gari jikan Saje Abdulgani? Na ji kwalayen suna tashar jiragen ruwa ta Nansha. Kada su hau jirgi. A dawo da su a narkar a gaban Saffana. In ƙwaya ɗaya ta shiga Kano, ban yafe ba.

Na uku. Ta ainihin, wadda allurarta ta lanƙwashe, ta Saffana ce. Dattawa za su ce ba a taɓa bai wa mace ba. To, su tambaye ku sunayen abokan Baba uku, su ga wa zai amsa. Shehu, autana, kai za ka raka ta.

Sauran abin da na bari, a raba yadda Allah ya ce.

Ranar da aka narkar da su, magana ta mutu. Kada wanda ya sake goranta wa Abdulbaƙi. Babban wanku ne, shi ya ɗauko ni ya yi jinyata, shi zai riƙe ku bayana. Ku riƙe shi.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, ya ba ku masu jin maganarku fiye da yadda kuka ji tawa.