Lambar Baba a Tukunyar Barkono

Zuwa ga 'yata Arwa,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya Madina, ya aikin asibiti? Mu nan Jidda a unguwar Ammariyya lafiya lau, ban da gwiwata da ta yi ritaya ba ta gaya mini ba.

Ki yi haƙuri da rubutun, aji uku na yi, na ukun ma a bakin taga.

Kin ce karatun da kika samu zai wuce ki in babu fasfon Nijeriya kafin ƙarshen Rajab, kuma ana neman shaidar garin kakanki. Ni a Jidda aka haife ni. Abin da na sani kawai, Baba sojan Ingila ne, ya bi wata bataliyar Turawa bayan yaƙin Bama zuwa Masar, daga can ya zo Hajji bai koma ba.

Yau zan tona miki asirin gidanmu. Baba ya bar lambar yabo ta azurfa. Kakarki ta rantse gudowa ya yi daga soja, in Bature ya ga lambar zai kwashe mu duka. Shekara saba'in tana ƙasan tukunyar barkono. Ni da furfurata, in na ga Bature a kasuwar Balad sai in canza hanya.

Na fito da ita, na yi atishawa goma sha ɗaya. Na kai wa Malam Hadi, injiniyan nan ɗan Zariya da nake gyara wa mota. Ya ga sunan Baba da lambarsa ta soja a gefenta, ya ce zai rubuta wa ma'ajiyar takardun sojoji a Ingila. Na ce yalla, a yi kawai. In kamu ne, ni za a kama. Ki riƙa kawo mini abinci.

Mahaifinki,
Abdulghani

Zuwa ga Arwa,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki. Ummanki Saudatu na gaishe ki.

Amsa ta zo! Malam Hadi ya karanta mini, ni kuwa ina riƙe da jakar kayana don shirin kurkuku.

Baba bai gudu ba. Sallamarsa suka yi a Masar, da izinin zuwa Makka, har an rubuta halinsa nagari ne. Shekara saba'in muna ɓuya, babu mai nemanmu.

Sai dai wani abu. Kin tuna labarin da nake ba ku, cewa shi kaɗai ya kori mutum arba'in? Kuku ne, 'yata. Bataliyar ta je Bama, ta je Indiya, ta je Masar, shi yana biye da ludayi. Ummanki ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, ta ce ashe lambar a gidanta take, cikin barkono.

Ni ban yi dariya sosai ba. Ban taɓa tambayarsa ba, don tsoron amsar. Na je maƙabarta na yi masa addu'a.

A saman takardar an rubuta garinsu: Misau. Da sunan mahaifinsa, Jibrin. Na kai takardar ofishin jakadancin Nijeriya, sun karɓa, sun ce ki zo ranar Lahadi a ɗauki hotonki. Halas, magana ta ƙare.

Ki taho da wuri. Lambar na wanke ta, taki ce, amma kada ki sa ta kusa da hanci.

Mahaifinki, ɗan kuku,
Abdulghani Musa Jibrin Misau